Itace da gawayi na cinye kuɗin cefane: ta ina gida zai fara ragewa?

Maman Khairat, Birnin Kebbi

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wurin waɗanda suka san aikin da hannunsu. Gida ne na mutum goma sha ɗaya, ana ɗora tukunya sau uku a rana: koko ko ɗumame da safe, shinkafa da wake da rana, tuwo da dare. Girkin rana da na dare da itace ake yi a murhun duwatsu uku, na safe kuma da gawayi a kurfoti. Akwai tukunyar gas mai kilo 6, amma sai an yi baƙo ko dare ya tsala ake kunna ta. Akwai awaki huɗu da 'yan kaji, da ɗan fili a bayan gida, da gona a hanyar Kalgo.

Tambayata uku ce. Buntun shinkafar da ake tulawa a bayan injinan casa, an ce ana yin gawayi da shi, shin da gaske ne, kuma yaya ake yi? Murhun laka da ake cewa yana tsimin itace, menene awonsa? Sannan ruwan wanka da na wanke-wanke da ke fita ta rariya yana kwanciya a ƙofar gida, ga leda ko'ina awaki na ci, me ake yi da su? Kowa ya san daji na ƙarewa, don haka ba wa'azi nake nema ba. Awo nake so da mataki, da kuma inda ake kuskure. Allah ya saka da alheri.

Malam Na-Jega

Wa alaikumus salam, Hajiya. Zancen gawayin buntu ki ajiye shi gefe tukuna, shi ne na ƙarshe a layi. Mafi yawan itacen da ake saye a gidanki iska yake ɗumamawa. A murhun duwatsu uku, cikin kashi ɗari na zafin itace abin da ke shiga tukunya bai cika wuce 15 ba, balle in iskar hunturu na kaɗa harshen wutar gefe.

Kafin a taɓa komai, a auna. A aro sikeli, a auna itacen da aka ware da safe, a auna abin da ya rage da dare, kwana uku a jere, a rubuta. In ba a yi haka ba, bayan an gina sabon murhu musu kawai za a yi ta yi, wannan ta ce ya rage, waccan ta ce bai rage ba.

Sai itacen kansa. Ɗanyen itace kusan rabin nauyinsa ruwa ne, wuta sai ta fara ƙonar da ruwan nan kafin ta waiwayi tukunya, shi ya sa yake hayaƙi yana tsiyayar kumfa ta gindi. A riƙa sayen na mako biyu ko uku gaba, a faskara shi ya koma kaurin wuyan hannu, a jera a kan duwatsu kada ya taɓa ƙasa, a ƙarƙashin rumfa. Busasshe in an gwara biyu ƙara yake yi ƙwal, ɗanye kuwa dum. Guda uku sun isa a murhu lokaci ɗaya. Da an sauke, a zare ragowar a tura cikin yashi, kada a zuba ruwa. Garwashin da aka binne shi ne gawayin kokon safe.

Murhun kuwa, ga yadda ake gina shi. Bokiti huɗu na ƙasar suri ko yumɓu, bokiti ɗaya na buntu ko yankakkiyar ciyawa, bokiti ɗaya na kashin shanu. A daka ƙasar, a fitar da tsakuwa, a kwaɓa da ruwa kamar kwaɓin gini, a rufe da buhu a bar shi ya tsima mako guda, ana yayyafa ruwa ana takawa duk bayan kwana biyu. Wanda ya yi gaggawa ya gina ranar da ya kwaɓa, murhunsa zai tsattsage.

A kafa duwatsu uku masu tsayi ɗaya a kan daɓen laka, a ɗora tukunyar da za a riƙa girki da ita. Daga daɓe zuwa gindin tukunya santimita 12 zuwa 15 ga matsakaiciyar tukunya. In ya fi haka wutar ba ta isa gindin da kyau, in ya gaza itace ba ya samun iska sai hayaƙi. Sai a zagaye da katanga mai kaurin yatsu huɗu, ta haɗiye bayan duwatsun, ta hau har ƙarƙashin kunnen tukunya. Tsakanin cikin tukunya da katanga a bar rata ta kaurin ƙaramin yatsa, wato kamar santimita ɗaya, kewaye duka. Ratar nan ita ce murhun gaba ɗaya. Ta nan zafi ke bi yana shafar jikin tukunya kafin ya fita. In ta yi faɗin yatsu uku an koma gidan jiya, in kuma an toshe ta wuta ta shaƙe ta mutu. Washegari, laka ta ɗan yi tauri, a yanke ƙofa ɗaya da wuƙa tsakanin duwatsu biyu, faɗi da tsayi kamar tafin hannu da yatsunsa. A rufe da tabarma ya bushe a inuwa kwana bakwai. Wutar farko ta zama 'yar ƙarama.

Kowace tukunya da murhunta. Ƙaramar tukunya a babban murhu ɓarna ce, don haka gida kamar naki biyu za a gina, na tuwo da na miya.

Abu ɗaya da mutane ba sa son ji: gawayi ya fi itace cin daji. A irin ramin da ake ƙona shi a ƙauyuka, sai an ci kilo shida zuwa goma na itace kafin a sami kilo ɗaya na gawayi, kuma kirya da marke ake nema, masu shekaru kafin su girma. Itacen da aka ƙona aka sami gawayin kurfoti ɗaya, da shi aka yi girkin kai tsaye da ya yi kusan ninki biyu. Gas kuma, kilo ɗaya yana aikin kilo goma ko fiye na itace a murhun duwatsu uku, yana aikin kilo uku zuwa huɗu na gawayi. Ki ɗauki farashin unguwarku ki lissafa da wannan awon. Sau da yawa shayi da ɗumame da ruwan zafi a gas suka fi sauƙi, don ba a hura wutar da za ta ci gaba da ci bayan an sauke.

Inna ta Argungu

Malam ya yi bayani, Allah ya ƙara sani. Amma da alama bai taɓa riƙe muciya ba. Murhun laka in aka tuƙa tuwon mutum goma sha ɗaya a kansa, tukunya na jijjiga tana dukan katanga, ba ya wata biyu bakinsa ya farfashe. Maganinsa, duwatsun su nutse cikin daɓe sosai yadda nauyin duka a kansu yake, katangar murhun tuwo ta kai kaurin tafin hannu, sannan a samo ƙarfe biyu masu ƙugiya a maƙala a kunnen tukunya mai tuƙi ta taka da ƙafa. A riƙa shafe tsaga da ragowar kwaɓin duk mako, tun tana ƙarama. Da damina kuma in ba rumfa, a kifa masa tsohon daro.

Ke kuma 'yata, shinkafa da waken ranar nan su ne ke cinye miki itace, kuma su ne mafi sauƙin gyara. Wake a jiƙa shi tun dare, ko aƙalla awa shida, a zubar da ruwan jiƙon. Lokacin dahuwarsa zai ragu sosai, kuma ba sai an danna masa kanwa ba. Kanwa na sa shi laushi da wuri, amma tana kashe wani sinadarin bitamin da ke cikin waken, ɗan kaɗan ya isa. Murfi kuma ya zauna daram. Da tukunya ta tafasa a janye itace ɗaya, domin ruwan da ke tafasa a hankali da wanda ke tsalle zafinsu ɗaya ne, tururi kawai ake ƙarawa.

Sai kwandon ƙarasa girki, wanda shi ne amfanin buntu na farko a gida. A samo babban kwando ko tsohon daro mai zurfi ko kwali mai ƙarfi, wanda in an sa tukunya a tsakiya za a sami ratar santimita 10 ta kowane gefe. A ɗinka matasai da tsohon zane a cika su da busasshen buntu, ko audugar rimi in akwai: ɗaya a ƙasa, dogo ɗaya da zai zagaye tukunya, ɗaya mai kauri a sama. Kada a zuba buntun haka nan, yana ƙaiƙayi kuma zai shiga abinci. A tafasa abinci a murhu, a sauke da murfinsa ba tare da an buɗe ba, a naɗe da tsohon tawul, a tura cikin kwandon a danne da matashin sama.

Shinkafa minti 5 tana tafasa, sai kwando minti 40. A rage ruwanta da kamar kashi ɗaya cikin huɗu tunda ba tururin da ke gudu, in ba haka ba ta caɓe. Jiƙaƙƙen wake minti 15 zuwa 20 a wuta, awa biyu zuwa uku a kwando. Nama mai tauri minti 30 a wuta, awa uku a kwando. Shinkafar tuwo ma a nan take yin luguf, sai a mayar wuta a tuƙa. Suya ce kawai ba ta yiwuwa.

Inda ake kuskure uku ne. Tukunya rabi ba ta riƙe zafi, sai ta kai aƙalla kashi biyu cikin uku. Leƙe yana kashe aikin, duk buɗewa ɗaya zafi ya tafi. Na ukun shi ne mai haɗari: kada abinci ya wuce awa huɗu zuwa biyar a ciki. In ya huce ya koma ɗumi-ɗumi, ƙasa da digiri 60, ƙwayoyin cuta ke hayayyafa, musamman a shinkafa da wake. In an buɗe an ga ba ya tururi, a mayar wuta ya sake tafasa kafin a ba yara. Matasan kuma a riƙa shanya su, gumin tukunya na jiƙa su, jiƙaƙƙen buntu ba ya riƙe zafi sai wari.

Ɗan Kabi mai walda

Hajiya, zancen gawayin buntu shina da gaskiya, amma ba yadda anka bayyana maki ba. Tun da anka ƙaddamar da shirin rancen manoman shinkafa nan Birnin Kebbi a Nuwamba 2015 injinan casa sunka yawaita, ga manya irin Labana da WACOT ta Argungu, ga ƙanana kowace unguwa. Buhu mai kilo 100 na shinkafar da ba a cashe ba shina fidda kusan kilo 20 na buntu. Shi ya sa mutane ka ganin tuli su ce ga gawayi kyauta.

Matsalar toka ce. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na nauyin buntu toka ne mai kamar yashi, ba ta ci da wuta. In anka babbake shi ya koma baƙi, nauyin ya ragu fiye da rabi amma tokar tana nan, sai ki ga kusan rabin abin da yar rage toka ne. Gawayin icce tokarshi ba ta kai kashi biyar cikin ɗari ba. Dunƙulen buntu zalla wuyar kamawa gare shi, in ya kama toka ta lulluɓe shi, tukunya ta ƙi tafasa. Don haka in za a yi dunƙulen gawayi, babbakakken buntu kashi ɗaya kawai, kashi uku kuma garin gawayi na gindin buhu wanda masu sayarwa ka sharewa, ko babbakakken totuwar masara, ɓawon gyaɗa da karan dawa.

Babbakar buntu: a samo garwa ko babban gwangwani a huhhuda jikinshi da ƙusa, a kifa, a yi mashi bututun hayaƙi da falle ɗaya na kwano, tsawon mita ɗaya da rabi. A hura ƙaramar wuta a ƙasa, a kifa garwar bisa, a tula busasshen buntu buhu uku ko huɗu kewaye. Wuta na ci daga ciki zuwa waje. Duk inda baƙi ya ɓullo a ja buntu daga ƙasa a rufe. Awa uku zuwa biyar, in duka ya yi baƙi, a ture bututun da sanda, a baza, a yayyafa ruwa har ya daina hayaƙi. In anka bar shi ya kwana da wuta ciki, da safe farar toka za a tarar. A yi wanga aiki bayan gari ko gona, hayaƙinshi ba na cikin unguwa ba ne. Totuwa da kara kuwa durom aka sa su, mai huji biyar ko shida a gindi. In farin hayaƙi ya tsinke ya koma siriri mai shuɗi-shuɗi, a rufe baki, a toshe gindi da ƙasa, a bari ya huce.

A daka, a tankaɗe da rariyar sauro. Kilo 10 na gari shina son rabin kilo zuwa gram 800 na sitacin rogo. A dama sitacin da ruwan sanyi, a zuba cikin lita huɗu na tafasasshen ruwa ya yi kamar koko mai kauri, a cuɗa da garin tun da ɗumi. Ɗanyen sitaci ba ya kamu, sai an dafa. Gwaji: a dunƙula a hannu a matse. In ruwa ya ɗiga ya yi yawa, in ya wargaje an saki hannu ya yi kaɗan. A dandaƙa cikin guntun fayif mai faɗin inci biyu, a soka ƙarfe tsakiya a bar huji don iska, a turo waje. Yinin farko a inuwa, sannan rana kwana uku zuwa biyar. Da hunturu in anka kai shi rana kai tsaye bayanshi ya bushe ya tsage cikin na jiƙe. Da damina fumfuna shika yi, gara a dakata. Wanda ya bushe da kyau, in anka sake shi daga tsayin ƙugu ba ya farfashewa.

Gaskiyar magana, gida ɗaya da ba ya noman masara ko gyaɗa mai yawa, wahalar ta fi ribar. Aiki ne na ƙungiyar mata ko matasa masu injin matsa. Ke dai babbakakken buntu ki kai shi gona ko ki haɗa da taki, can yaf fi amfani, ƙasa mai yashi na riƙe ruwa da shi.

Maman Khairat, Birnin Kebbi

Na gode ƙwarai, Malam da Inna da Ɗan Kabi. Gawayin buntu an bar shi ke nan, za a fara da awo da kwando da murhu. Saura zancen ruwan rariya da leda. Sannan in gonar ce za ta riƙa ba da itacen girki, wane iri ake dasawa, kuma shekara nawa ake jira?

Baba Manomi, Kangiwa

Maman Khairat, kafin a sayi dashe ko ɗaya, maigida ya zaga gonar da rani ya ƙirga kututturan da ake sassabewa duk shekara suna sake tohowa: sabara, kalgo, magarya, aduwa, gawo. Waɗannan saiwarsu ta riga ta yi nisa a ƙasa, ba su son ban ruwa, ba su son shinge kamar dashe. Dabarar renon tohon irin waɗannan kututturan a ƙasar Maraɗi ta bunƙasa tun 1983, ta hannun wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo da manoman wurin, har ta kai an farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan biyar a Jamhuriyar Nijar. Ƙasarsu ta fi tamu bushewa.

A kowane kututture a zaɓi toho uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, a yanke sauran. Waɗanda aka bari a sare musu rassan ƙasa har rabin tsayinsu. Adda ta zama mai kaifi, saran kuma daga ƙasa zuwa sama, don in an saro daga sama ɓawo na ɗayewa ya bar rauni, gara ta shiga. A ɗaure jan ƙyalle a jiki, alama ce ga mai sassabe da mai kiwo cewa da mai shi. A koma duk wata uku zuwa shida a sake gyarawa. Abin da aka yanke tun shekarar farko ƙirare ne na hura wuta. Daga shekara ta biyu ko ta uku a riƙa sare ɗaya daga cikin tohon a bar sabo ya maye gurbinsa. A fara da ashirin zuwa arba'in a hekta, a ga yadda gero ya yi da su. Gawo kada a sare shi don girki ko kaɗan: da damina yake kaɗe ganye, ba ya yi wa shuka inuwa, ganyen taki ne, 'ya'yansa abincin awaki. Dogon yaro a kan iyaka ko ƙofar gida, inuwarsa ta yi wa tsakiyar gona yawa. Itacen turare kuwa a nisanta shi da fadama da rijiya. Babban abin da ke kashe aikin nan shi ne a yi shi kai kaɗai ba a sanar da maƙwabtan gona da mai unguwa ba, sai wani ya zo da dare ya sare.

Ruwan gida kala biyu ne. Na alwala da na ɗauraye shinkafa da kayan miya mai kyau ne, a sa daro a wurin alwala a tara. Buta mai lita ɗaya da rabi, sau biyar, mutum goma, lita 75 ke nan a rana, ya ishi zogale da gwanda da lemun tsami a filin bayan gida. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da mudu ɗaya na ruwa yake alwala, wanda bai kai lita guda ba, to ka ga mu ma akwai gyara. Na wanki da omo gishiri gare shi, in aka daɗe ana zuba shi wuri ɗaya ƙasa ta daskare ta yi fari. Shi da na wanka rami za a yi musu: zurfin mita ɗaya, faɗin mita ɗaya, a cika da manyan duwatsu a ƙasa, tsakuwa a sama, a rufe da buhu da ƙasa, a dasa ayaba ko dogon yaro kamar taku biyu daga bakinsa. A sa 'yar raga a bakin rariya ta tare ƙwayar abinci da gashi, su ne ke toshe ramin. Ruwan da aka sa wa Hypo kada ya je gindin shuka. Ramin ya nisanci rijiya da mita 15 aƙalla, 30 ya fi, ya kuma nisanci gindin katangar ƙasa. A unguwannin da ke bakin fadama, inda ruwa ke kusa, ramin ba ya tsotsewa da damina, gara a riƙa kwasa ana watsawa. Ruwan da ya kwanta mako guda ya isa ya fitar da sauro.

Taki: shimfiɗa wa awaki da kaji ɗanyen buntu, ya sha fitsari da kashi wata guda, sannan a kwashe. Ɗanyen buntu in aka kai shi gona kai tsaye ba ya ruɓewa da wuri, shuka ta yi ɗorawa-ɗorawa. A rami mai zurfin gwiwa a jera busasshe kamu ɗaya, ɗanyen shara da kashin dabbobi rabin kamu, ƙasa kaɗan, a yayyafa ruwa, a maimaita. A soka sanda a tsakiya. Bayan kwana uku in an zaro ta da zafi aiki na tafiya, in sanyi ruwa ko kashi ya yi kaɗan, in wari ruwa ya yi yawa. A juya duk mako biyu, wata biyu zuwa uku ya nuna. Toka a barbaɗa kaɗan, kuma kada a haɗa ta da yuriya ko ɗanyen kashin kaji, ƙarfin takin ne ke tashi a warin nan mai hawa ido.

Leda ba ta narkewa a tumbin akuya, taruwa take yi. Dabba na ci tana ramewa, ciki ya kumbura, mahauta sun san dunƙulen da suke cirowa. Wadda aka ƙulla abinci ko gishiri a ciki ita suka fi bi, don haka buhu ɗaya a rataye sama da inda akuya ke kaiwa, duk leda a ciki. Kwando ko jaka zuwa kasuwa, kwano mai murfi zuwa wurin mai ƙosai da mai niƙa. Ledar fiyawata a yanke bakinta, a huda gindi wuri huɗu, a cika da ƙasa kashi biyu taki kashi ɗaya, ta zama mazubin renon dashe. Irin zogale haka nan ake shuka shi, na gawo da bagaruwa sai an jiƙa a ruwan zafi ya kwana, na dogon yaro kuma sabo ake so don makonni kaɗan yake mutuwa. A dasa cikin Yuli da ruwa ya zauna, a yage ledar kafin a rufe rami.

Bazamfara, Gusau

Yaya, abu biyu ban ga an taɓo ba, kuma duka na rai ne.

Duk gidan da ya koma sola ko fitila mai caji, wata rana zai tashi da mataccen batir, kuma batirin mota da yawancin na sola dalma ce a ciki. Mu nan an ga aikinta. A 2010, a ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, ƙauyuka irin su Dareta da Abare da Yargalma, yara fiye da 400 suka rasu saboda ƙurar dutsen zinariya mai dalma da ake niƙawa a cikin gidaje, sai da likitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka shigo aka kuma kankare ƙasar tsakar gidaje. Ƙurar ba ta wari, yaro mai rarrafe da hannu yake kai ta baki, wanda ya tsira ma tana taɓa masa ƙwaƙwalwa. Mataccen batir kada a fasa shi, kada a tsiyaye ruwansa a rariya, kada a bar yara su yi wasa da ƙarfen kansa. A ajiye shi a tsaye inda ba rana, a mayar wa dilan da ke karɓar tsoho a rage kuɗin sabo. Don ya daɗe kuwa, kada a riƙa shanye shi ƙasa da rabi, wato mai volt 12 in ya huta ya nuna 12.1 ko 12.2 a kashe kaya. Mai murfi a ƙara masa ruwan batir tatacce, ba na rijiya ba. A ajiye shi ɗaki mai iska, zafin Afrilu na rage masa kwana.

Na biyu, hunturu. Gawayin itace ko na dunƙule, duk ɗaya, in yana ci a ɗakin da aka rufe yana fitar da iska mai guba marar wari marar launi. Alamarta ciwon kai da jiri da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa. Kaskon wuta a fitar da shi kafin a kwanta, ko da garwashin ya yi kamar ya mutu, haka janareta kada ya kwana a zaure ko kusa da taga. Murhun lakar nan ma ba shi da bututu, a rumfa mai iska za a gina shi. Kuma a daina hura wuta da leda ko tsohon silifa, mai girki da goyon da ke bayanta ne ke shaƙa. Busasshen totuwa ko ƙirare da 'yar takarda sun isa.

Tukunyar gas ɗin ma a duba ta: a shafa kumfar sabulu a mahaɗar tiyo da kan tukunya, in ya yi ƙwai yana yoyo. Tiyon da ya fara tsagewa a canja shi. In wutar ta koma ja tana baƙanta gindin tukunya, a cire kan murhun a goge hujojinsa da tsohon buroshi har ta dawo shuɗiya.